Suwaibatu da Ɓerayen da Na Haɗe Mata

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, tara ga Afrilu, Allah Ya karɓi ran 'yata Suwaibatu a Ƙanƙara, bayan jinyar kwana huɗu.

Ke ce 'yar fari, ban taɓa kiran sunanki ba. Yau na rubuta shi, domin akwai kunyar da ta fi wannan nauyi.

Ciwon hanta ne ya ɗauke mahaifinki. Kin ga yadda muka riƙa ɗiga masa wani magani da ake sirkawa da ruwa har ya koma kamar ruwa zalla, wanda ake kira homiyofati. Shi ya sa da kika je jami'a kika ce sai kin gano ko yana aiki. Kika sa wa fararen ɓeraye sinadarin da ke haddasa kansar hanta, kika raba su keji biyu. Keji ɗaya kina ɗiga musu maganin, ɗayan kuma ba kya ɗiga musu.

Da aka shiga yajin aiki a jami'a, kika kawo su gida Sheme. Na yi faɗa. Na ce gidan manomi, kusa da rumbu, 'ya mace ta zauna renon ɓera? Kika yi dariya kika ce, "Inna, waɗannan ɗalibai ne, ba ɓarayin dawa ba."

Ranar da kika raka Hajiya Kyauta maƙwabciyarmu asibiti, kamar yadda kika saba raka duk wanda ba shi da mai raka shi, warin ɓerayen ya dame ni. Na juye su duka cikin keji ɗaya, na wanke ɗayan tas, na shanya. Da kika dawo kika tsaya kina kallonsu. Babu mai iya bambance wanda ya sha magani da wanda bai sha ba. Aikin wata bakwai ya tafi. Kika ce, "Inna, sannu da aiki." Ni kuwa na ɗora miki wa'azin tsafta.

Da malaminki, Malam Salahuddeen, ya zo gaisuwa, ya ce sakacinki ɗaya ya sani: kin faɗa masa ke kika haɗe ɓerayen, har ya tsawata miki gaban ɗalibai, kika sake aikin daga farko. Na bar shi ya tafi da wannan zato.

Na yi shekaru ina koya wa 'ya'yan mutane cewa ƙarya haramun ce. To Malam, ka ji yanzu: ni ce, ba ita ba. Iyaye, ku tambayi 'ya'yanku kafin ku taɓa aikinsu.

Suwaibatu, ban nemi gafararki kina raye ba, saboda girman kai. Allah Ya jiƙanki, Ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa mini. Allah Ya ba mijinki Mas'udu da ƙannenki haƙuri. Ni kuma Ya yafe mini.