Wurin Auta a Addu'ar Safe

Na daɗe ina shakkar iyayen da ke cewa duk 'ya'yansu ɗaya ne a wurinsu. A inda na yi karatu an cika mana kunne da wannan magana, amma da na dawo sai na ga har yanzu mai kawo sakamako mai kyau shi ake fara yi wa murmushi. Mai gyaran keken ɗinki da ke ƙarƙashin benenmu ne ya rage mini wannan shakka.

'Ya'yansa biyu ne, duka mata. Babbar tun tana aji uku ake kiranta Likita, don ba ta taɓa sauka daga ta ɗaya ba. Auta kuwa karatu gardama yake yi mata. Sau biyu tana maimaita aji, haruffa suna juye mata a kan takarda.

Kowace safiya kafin ya buɗe shago sukan zauna su huɗu a falo, ya karanta aya, ya yi addu'a. Tsarinsa ba ya canzawa: godiya tukuna, sannan roƙo. Ya gode wa Ubangiji saboda Likita, ya roƙi Ubangiji ya buɗe kan Auta. Shekara da shekaru haka.

Matarsa ce ta fara lura Auta ta daina cewa amin. Da ya tambayi yarinyar, tana ɗaura igiyar takalmi, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Baba, ni kullum a wajen roƙo nake. Kamar keken da aka kawo gyara."

Ranar ya wuni yana kwance wani tsohon keke yana mayarwa, bai gyara komai ba. Tsoronsa kada yarinyar ta tashi tana ganin Allah ma sai da sakamako yake karɓar mutum, ta bar addu'a gaba ɗaya.

Washegari ya fara da ita. "Mun gode maka saboda Auta, domin..." Sai ya tsaya cik. Matarsa ta buɗe ido ɗaya.

"Baban Likita, mai ne ya ƙare?"

Auta ta ƙyalƙyale da dariya. Shi kuwa kunya ta rufe shi: shekara goma sha ɗaya, bai san 'yarsa ba sai ta wurin abin da ta kasa.

Daga nan ya sa ido. Ashe ita ce ke zura wa tsohuwar telar da ke maƙwabtaka da shagonsa zare a allurai goma kowace yamma, don idon tsohuwar ya yi rauni. Ita ce kuma ke gane ran mahaifiyarta ya ɓaci tun kafin ta yi magana. Kusan kullum sai ya samo abin godiya ɗaya a kanta, komai ƙanƙantarsa. Ranar da ya sa Likita a wajen roƙo, sai ga ta tana hawaye. Ashe amai take yi kafin kowace jarrabawa, don tsoron ranar da za ta zo ta biyu.

Amin ɗin Auta bai dawo da wuri ba, sai da aka kusa wata biyu. Karatun nata har yau tafiyar hawainiya yake yi.

Na tambaye shi ko ba ya tsoron safiyar da zai rasa abin faɗa.

Ya ɗiga wa keken da ke gabansa mai, ya murza shi yana sauraro.

"Ai na taɓa rasawa. Sai na ce, mun gode da Auta tana nan. Ta ce, Baba, wannan kana iya maimaita shi gobe."