Ranar da na hau bene ban yi sallama ba

Shekarun baya, lokacin da aka fara gina dogon otal ɗin nan da ke bayan gidanmu a Gumel, babu wanda ya kai ni murna, ina jin har da mai ginin. Da ma wurin kango ne, awaki ke yini a ciki. Rana ɗaya sai ga tifa tana juye yashi, aka ce wani Alhaji ɗan kasuwa ne zai yi bene hawa huɗu, a ƙasa kuma shaguna da zauren biki da wurin wasan yara. Ni da kullum nake ƙorafin an bar garinmu a baya, na ce to, yau addu'a ta karɓu.

Nan take na zama injiniyan baka. Kullum na taso daga aiki, kafin in shiga gida sai na tsaya a bakin ginin, hannu a baya, ina gyaɗa kai kamar ni na ba da kwangilar. Ban taɓa kwaɓa siminti ba a rayuwata, amma ni ke yi wa masu adaidaita bayanin ranar da za a zuba kankare. In ɗauki hoto in sa a nan shafina na sada zumunta, in rubuta cewa garinmu ya tashi. Wasunku ma za su tuna, don na ishe ku a lokacin.

Cikin ma'aikatan akwai wani dattijon birkila, mutumin Gagarawa. Tun da gini ya wuce tsayin katangarmu, kullum da safe kafin kowa ya taka tsani, sai ya fuskanci gidajenmu ya ɗaga murya: "Salamu alaikum masu gida, za mu hau sama, a kimtsa." Da yamma in sun tashi kuma ya ce, "Mun sauko, a gafarce mu." Leburori dariya suke yi masa, wai Baba ya ɗauka yaɓen soro ya zo yi. Ni ma na taya su. Na san al'adar tun ina yaro, duk wanda zai hau soro ko bishiya sai ya sanar don matan maƙwabta su suturta, amma a ganina ta tafi tare da ginin ƙasa.

Mahaifiyata kuwa a tsakar gida take rayuwarta. Ɗaki wurin kwana ne kawai a wajenta. A gindin darbejiyarmu take tankaɗe, nan take shanya kuɓewa da kuka, nan maƙwabta ke samunta su yi hira. In bazara ta yi zafi, ɗaurin ƙirji take yi, kai ba ɗankwali, domin gidanta ne, kuma katangar nan ta rufa mata asiri tun tana amarya.

Gini yana hawa, Inna tana janyewa, ni kuma idona na sama. Ta daina shanya. Tabarmarta ta koma ɗaki. Ƙurajen zafi suka feso mata a wuya, na sayo mata hoda na ga na yi abin kirki. Sai ta fara zancen cewa bayan salla za ta koma wajen ƙanenta a wani ƙauye a Sule Tankarkar, ba ziyara ba, zama. Matar da ko bikin dangi ba ta yarda ta kwana biyu a waje. Na ce mata, "Haba Inna, yanzu da gari ke wayewa za ki tafi ƙauye?" Ta dube ni kawai, ta ci gaba da jan carbinta.

Ma'aikatan ba sa aiki ranar Juma'a. Mai kula da aikin abokina ne, na daɗe ina roƙonsa ya bar ni in hau in ga gari. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya ba ni dama. Na hau har hawa na uku ina bin bango don tsoro, injiniya guda. Amma da na leƙa sai na manta da tsoron. Ga hasumiyar masallaci, ga rumfunan kasuwa, ga manyan motoci sun miƙa hanyar Maigatari, ga gonaki har inda ido ya tsaya. Na ɗauki hoto, ban ma bari na sauko ba na sa shi a nan.

Ban kai ƙofar gida ba yayata da ke aure a Maigatari ta kira ni. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba.

"Ka duba hoton nan da kyau, can ƙasa ta hannun hagu. In ka gani ka cire shi yanzu."

Na tsaya a bakin zaure na ja hoton da yatsa. Darbejiyarmu ce. Ga makewayinmu da ba shi da rufi, ga igiyar shanya. Ga kuma Inna ta sunkuya tana wanki, da ɗaurin ƙirji, furfurarta a waje, furfurar da ko surukanta ba su taɓa gani ba. Nan take na goge hoton. Mutane sun riga sun fara yabawa, kuma har yau ban san ko wani ya lura ba. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Da na shiga, wankin yana nan a cikin baho ba a gama ba. Ita kuma tana ɗaki cikin wannan zafin, da hijabi. Na durƙusa a bakin ƙofa na fara kame-kame.

"Na gan ka ai," ta ce. "Na gane rigarka."

Na faɗa mata har zancen hoton, don na san in ban faɗa ba yayata za ta faɗa. Ta ce Allah ya rufa asiri. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. A hankali ta ba ni labarin yadda take yini tun da gini ya haura katanga: in dattijon nan ya yi sallama da safe ta shige ɗaki, ba ta fitowa sai ta ji ya ce sun sauko.

"Bawan Allahn nan bai san ni ba, amma bai taɓa hawa bai gaya min ba. Juma'a kaɗai nake sakewa in sha iska, don na san ba kowa a sama." Ta gyara hijabinta. "To in an gama ginin, baƙin da za su riƙa kwana a ciki, su ma sallamar za su riƙa yi?"

Sai a lokacin na gane abin da zai kai ta ƙauye.

Washegari na sami dattijon birkilan yana shan koko kafin a fara aiki, na gaishe shi gaisuwar da ban taɓa yi masa ba. Ya ce shi tun farko ya gaya wa manya cewa tagogin baya cikin gidajen mutane suke kallo, aka ce masa haka zanen ya zo, shi aikinsa jera bulo. Na tafi wajen mai unguwa. Da aka tara maƙwabta sai ga shi duk layinmu haka mata ke yini a kulle, mu maza kuma muna waje muna yaba gini. Kowa ya sunkuyar da kai.

Alhajin ba mugun mutum ba ne, bai taɓa hawa ta bayan ba ne kawai. Da mai unguwa ya kai masa kukanmu, ya zo da kansa. Dattijon ya yi sallamarsa, aka ɗan jira, sannan suka hau. Leƙawa ɗaya Alhajin ya yi ya kau da kai yana salati. A makon aka toshe tagogin baya da bulo, aka bar 'yan sirara can sama inda kan mutum ba ya kaiwa, don iska. Ni kuma na rufe makewayinmu da kwano, aikin da ya kamata in yi tun ranar da aka kafa tsanin farko.

Inna ba ta tafi ƙauye ba. Tabarma ta dawo gindin darbejiya, kuɓewa ta dawo kan faifai. Otal ya buɗe, ana biki a zaurensa kusan kowane mako, na kuma ci tuwon biki a ciki ba sau ɗaya ba. Baƙi kan ce gabansa kyakkyawa ne amma bayansa kamar sito. In na ji sai in yi shiru, ni da a da ba na rufe baki a zancen ginin nan.

Ana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ni na hau abin da ya fi rimi, na hango hanyar Maigatari, ban ga uwata da ke ƙarƙashin ƙafata ba. Yanzu ko farantin sola zan hau in goge a kan rufinmu, sai na tsaya na yi wa maƙwabta sallama, 'ya'yana na ƙunshe dariya.

Abu ɗaya ne bai koma yadda yake ba. Tun daga waccan Juma'ar, Inna ba ta sake zama a tsakar gidanta ba ɗankwali ba, ko a tsakiyar bazara. An toshe tagogi, babu mai ganinta. Wani lokaci in na ga tana share gumi ta ƙarƙashinsa, sai in ce ta cire ta sha iska, ta ce a'a, ta saba. Ba ta taɓa cewa komai fiye da haka ba, amma na san wanda ya ɗaura mata shi.