Ɗan Kunnen da Bai Riski Yaya Buba Ba

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Buba. Ni malamin dabbobi ne a Haɗeja, shi kuwa makiyayi ne, ya rayu da shanunsa a fadamar Kirikasamma kamar yadda mahaifinmu ya rayu. Bana na so in yi shiru in bar abin a addu'a, amma aikin da nake yi yanzu ba ya barina in manta.

A daminar da ya rasu kogi ya yi ambaliya, Yaya ya kwashe garkensa zuwa tudu. A can ɓarayi suka kore masa kusan rabi. Bai kwanta jinyar baƙin ciki ba, sai ya shiga bin kasuwanni. A wata kasuwar ƙauye ya tarar da jar saniyarsa mai karyayyen ƙaho a hannun wani dillali. Ya kira ta, ta ɗago kai ta amsa. Amma an ƙone shaidar da ke cinyarta, an ɗora wata a kai, dillalin kuma ya kawo mutanen da suka rantse cewa a gabansu ya saye ta. Dattawan kasuwar suka ba Yaya haƙuri. Ɗaya daga cikinsu ya ce masa, "Malam Buba, mun ga ta san ka. Amma kukan saniya ba ya zama shaida."

Yana tsaye aka ɗora ta a mota. Daga nan bai ƙara zama ba. Ya riƙa ratsa ruwa har ƙirji daga wannan ƙauye zuwa wancan yana neman sauran, tari ya kama shi, ya ƙi tsayawa. Da muka kai shi asibiti ciwon ya riga ya ci huhunsa. Bai ga yankan shinkafar shekarar ba.

Yau ga ni ina yawo ruga-ruga da abin da makiyaya ke kira ɗan kunne. Maɓalli ne na roba da ake maƙala wa saniya, a cikinsa akwai wata 'yar ƙwaya da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Ba ta da batir. Idan na kara mata na'urar karantawa, igiyar rediyo ce ke tashe ta, ta faɗi lambarta, sai sunan mai saniyar da rigakafin da aka yi mata su fito. Irinta ce a katin buɗe ɗakin otal, da katin banki da ake taɓa na'ura da shi, da tufafin manyan kantuna masu sa ƙofa ƙara idan an fita da su ba a biya ba. Da a ranar akwai wannan a kunnen jar saniyar nan, da magana ta ƙare a wurin.

Ko kuwa da ba ta ƙare ba? Bara na ga ɗan kunne ya mayar wa wata bazawara bijiminta, na yi murna. Bayan nan na fara ganin shanu masu yankakken kunne a kasuwa, ɓarayin ma sun koyi darasi. Akwai wata ƙwayar da ake ɗura wa saniya ta zauna a tumbinta, wuƙa ba ta kai mata, amma ta fi ƙarfin yawancin mutanenmu. Na gaji kuma da yi wa masu shanu bayanin cewa abin ba ya nuna inda saniya take, sai an zo dab da ita. Sukan dube ni kamar na yaudare su. Na san abin da Yaya zai tambaya da yana nan: wa ke riƙe da na'urar a kasuwar da za a kai saniyar? A mafi yawansu babu kowa. Tawa ma takan kwana biyu ba caji.

Duk da haka ina jin da ya miƙo kunnen shanunsa, don mutum ne da ba ya raina dabara. Abin da ya ci shi ba asarar ba ce kaɗai, tsayawar da ya yi a gaban jama'a ce da gaskiyarsa, ba mai tabbatar masa.

Ragowar garken yana hannun 'yarsa Hansatu da mijinta, sun kuma yaɗu. Da rani na je na sa musu ɗan kunne. Da na tambayi sunan da za a shigar, mijin ya dubi Hansatu. Ta ce, "Baffa, sa sunan Baba." Na gaya mata sunan mai rai ake so, saboda ranar rigima. Ta ce in rigimar ta zo ita za ta tsaya.

Na sa. Yanzu duk saniyar da na kara wa na'ura a rugar nan, sunansa ne ke fitowa, nakan ɗan tsaya kafin in wuce ta gaba. Allah Ya jiƙan Yaya Buba, Ya sa ya huta.