Bangon Gwaggo Mai Soso

Auta tana da shekara biyar ta fara jin sunan, ranar da ta zana kaza mai ƙafa shida a bangon falo da jan-bakin Mama.

"Bari in kira Gwaggo Mai Soso," in ji Mama, tana laluben waya. "Ita har mai zanen take haɗawa ta goge."

Shekaru Auta ta yi tana zaton wata dodanniya ce mai hannun ƙarfe. Sai da ta shiga sakandare ta 'yan mata, Baba ya kai ta har bayan ajujuwa ya ce ta gaida yayarsa, sannan ta ga dodanniyar: 'yar guntuwar mata mai takalmin roba ƙafa ɗaya shuɗi ɗaya baƙi, tana yi wa bokiti faɗa don ya yi yoyo.

Shekara goma sha tara Gwaggo ta yi tana shara a makarantar. Kafin nan motocin haya take wankewa, ta bari saboda a cewarta direbobi ba su da hira. Mijinta ya rasu da daɗewa, 'ya'yanta biyu sun yi nisa. Ba ta taɓa zama a aji ba sai don ta goge ƙarƙashin benci, kuma ko harafi ɗaya ba ta karantawa.

Akwai wani dogon bango a bayan famfunan wanke hannu, inda idon malamai ba ya kaiwa. Nan 'yan mata suke rubuta abin da ba sa iya faɗa wa kowa. Umarnin shugaban makarantar shi ne a goge shi tas duk ƙarshen mako. Gwaggo tana gogewa, amma tana da nata sharaɗin.

"Mutum ya yi magana, ka sa masa sabulu ba ka amsa ba? Ai rashin tarbiyya ne."

Don haka sai an karanta mata, ta ba da amsa, an rubuta da alli a ƙasa, amsar ta yi kwana biyu, sannan soso ya bi ta kai. Da, duk yarinyar da ta gifta take kamawa, amma bakinsu ba ya riƙe magana. Zuwan Auta sai ta samu sakatariya ta gida.

"Karanta min wancan mai kama da sawun kyankyaso."

"Ta ce, malamin lissafi ba ya sona."

"Rubuta: shi ma lissafin ba ya son sa, dubi fuskarsa. Na gaba."

"Ta ce, na yi ƙiba, kowa yana kallona."

"Rubuta: ki zo ki taya ni ɗaukar bokiti. Sirara sun zubar min da ruwa sau uku."

"Wannan ta ce ta saka hotonta a waya, mutum uku kacal suka danna suna so."

Gwaggo ta ajiye tsintsiya. "Uku? Mutum uku suka ce suna son ta, take kuka? Rubuta: ni mutum ɗaya ya taɓa faɗa min, shi ma har ya koma ga Allah bai maimaita ba."

Wani lokaci kuma ba ta wasa. Wata ta taɓa rubuta cewa kwana uku ba ta ci abinci ba don ta rame. Gwaggo ba ta ba da amsa a bango ba. Zuwa ta yi ta tsaya a ƙofar ofishin malama mai kula da lafiya da bokitinta, ta ƙi motsawa sai da malamar ta bi ta zuwa bangon.

A aji uku abin ya faɗo kan Auta. Barci ya sace ta a darasin tarihi, baki a hangame, wata ta ɗauke ta hoto. Kafin a tashi an mayar da hoton sitika a guruf ɗin aji na waya. Duk wadda ta yi magana mara daɗi, sai a tura mata bakin Auta. Daga ajinsu ya tsallaka wasu ajujuwa, har makarantar maza ta tsallaken titi. Aka sa mata suna Gareji. In ta shigo aji sai wata ta yi ƙarar mota tana ja da baya. Ƙawayenta biyu ba su yi ƙarar ba, amma sun matsar da kujerunsu. Ta koma cin abincin rana a tsaye a bayan ɗakin ajiye tsintsiya, a gida kuma ta ce komai lafiya.

Wata Talata ta ɗauki biro ta rubuta a bangon, can gefe, layi huɗu. Sai da ta mayar da murfin biron ta tuna wace ce take karanta wa Gwaggo.

Ranar karatu ta yi ta kewaye wurin. Ta karanta na sama, ta karanta na ƙasa, har ta karanta sanarwar hukumar makaranta ta a riƙa rufe famfo.

"Kin tsallake ɗaya," in ji Gwaggo.

"Wannan? Ba komai ba ne. Cewa ta yi famfo yana yoyo."

"Layi huɗu duk famfo?"

"Ta... ta yi bayanin yoyon ne sosai."

"Allah Sarki. To rubuta mata: mai gyaran famfo ya ce bahaguwa ce ta rubuta, don ta shafe rabin tawadar da gefen hannunta. Ya ce tsawonta daidai kafaɗata. Ya ce kuma haka take jan wutsiyar harafi tun tana zana kaji a falon ƙanena."

Allin ya tsaya a hannun Auta na hagu.

"Gwaggo, kin ce ba kya karatu."

"Ba na yi. Abin da ya faɗa ne ban sani ba, mai shi kam na sani. Karanta min, 'yata."

Ta karanta: ba ta da ƙawa ko ɗaya, kowa dariya yake mata, kuma ta fi son ta yi rashin lafiya da ta zo makaranta. Gwaggo ta ce a nuna mata hoton. Auta ta ciro wayar daga cikin safa, inda kowa yake ɓoye tasa.

Gwaggo ta duba. Ta matse baki. Kafaɗunta suka fara rawa. Sai ta zauna daɓas a kan bokiti tana dariya har da hawaye.

"Gwaggo!"

"Yi haƙuri, wallahi bakin kakanku ne sak. Shi har ƙuda ya taɓa shiga ya fito da kansa." Ta share ido da gefen zane, sannan ta ɗauko soso ta nufi wayar. "Kawo in goge."

"Ba ya goguwa. Yana wayar kowa."

"Ko da sabulu?"

"Ko da me."

Gwaggo ta ajiye soson. Sai ta miƙe, ta kama hannun Auta ta kai ta ƙarshen bangon, ta nuna wani ɗan rubutu da koren biro, ƙasa-ƙasa, kamar mai shi a tsugune ta yi.

"Wannan ban goge ba, ban kuma taɓa bari ki karanta ba, don ita da bakinta take faɗa min. 'Yar aji biyu ce. Ita a gasar gudu ta faɗi, aka ɗauka a waya, aka sa wa faɗuwar kiɗa. Kullum a bayan tankin ruwa take cin abinci, ni nake zama da ita, kuma yarinyar nan surutu gare ta kamar rediyo, duk labarin taurari da duniyoyin sama. Kunnena ya tsufa, gwiwata ba ta son tsuguno." Ta karɓe allin daga hannun Auta ta jefa a aljihu. "Ki taimake ni, don Allah. Gobe ki ɗauki kwanonki ki je ki karɓe ni. In ta fara maganar wata duniya mai zobe, ki daure, kar ki yi barci."