Lemun Inna da Masu Alwala

Shekarar da na gama jami'a a Yamai na komo Dogon Dutsi ina jiran a kira ni sarbis sibik, wato bautar ƙasa. Dosiyen takarduna yana can cikin wani buro na gwamnati, ni kuma ina gida, babu aikin fari bare na baƙi. Ana cikin haka ƙanwata ta yi haihuwa ta biyu a Dogon Kiriya, Inna ta shirya za ta je ta yi mata wankan jego, kwana arba'in, tare da autarmu. Gidan zai rage daga ni sai akuya da kaji.

Ni ɗan fari ne. Inna ba ta faɗin sunana, ba ta kallon idona, in kuma tana da magana da ni sai ta faɗa wa abin da ya fi kusa da ita. Tun ina yaro na saba karɓar aike ta hanyar turmi ko murhu. Ranar tafiyar ta tsaya a tsakar gida, mai kabu-kabu yana jira a waje, ta dubi akuya ta ce:

"To, ni na tahi. Lemun ga dai da rai na bar shi. Wanda anka bar ma gida, in ya ga dama ya kashe mini shi."

Lemun tsami ne, tsayinsa bai wuce ƙirjina ba. Daga ƙwaya ta raine shi, shekara uku, bayan wasu da yawa sun mace mata a rairayin gidanmu. Bai taɓa yin ɗa ko ɗaya ba, amma in baƙuwa ta zo shi ake fara nuna mata. Ga shi bazara ta kankama.

Ni ma sai na dubi akuyar na ce, "Sau nawa ake ba shi ruwa?"

Inna ta ce wa akuya, "Ni ban taɓa ba shi ruwa ba." Ta fita.

Na ɗauka kunya ce ta hana ta yi mini bayani. Washegari na buga waya. Tana jin muryata ta miƙa wa ƙanwata, ƙanwata ta ce, "Yaya, Inna ta ce ba ta ba shi ruwa. Jinjiri na kuka, sai an jima."

Na sayi kaye sabo, wato littafin rubutu, don rubuta halin da lemu yake ciki. Abin da na fara tsoro shi ne akuya, tunda a gabanta aka yi maganar duka. Na sayo wayar shinge na kewaye iccen. Na karanta a wayar salula cewa saiwa tana bazuwa gwargwadon faɗin rassa, sai na ninka faɗin don gudun kuskure, na sake ninkawa don gudun kuskure a ninkin farko. Shingen ya cinye kusan rabin tsakar gida. Ban yi masa ƙofa ba, domin ƙofa ana iya mantawa a bar ta a buɗe. A gindin iccen akwai wani faffaɗan dutse, na ga kamar zai danne saiwa, na ciccibe shi na kai bayan madafa.

Batun ruwa kuwa, wani shafin intanet ya ce a ba lemu ruwa mai yawa sau biyu a mako. Wani ya ce yawan ruwa shi ke kashe shi. Ban ga dalilin fifita ɗaya a kan ɗaya ba, don haka na bi duka biyun: makon farko na yi ta sheƙa masa bokiti ta saman shinge har wurin ya zama fadama, mako na biyu na hana shi ko ɗigo. Ganye ya fara naɗewa, ya yi rawaya, ya fara zuba. Kowace safiya ina ƙirga wanda ya faɗi daga bayan waya, tunda ni ma ba ni da hanyar shiga.

A rana ta goma sha biyar wata tsohuwa maƙwabciyarmu, sa'ar kakata, ta shigo aron rariya. Mijinta take kirana tun ina cikin zane. Ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Kai mijina, mi icce yay yi maka kas sa shi kaso kamar ɓarawo?"

Na fara yi mata bayanin saiwa.

"Rufe mini baki da bokon lakwal ɗinka. Ina dutsen alwala?"

"Wane dutse, Kaka?"

"Wanda uwarka ke zama bisa! Nan take alwala, nan autarku take yi, mu ma in munka zo kitso salla ta riske mu nan muke yi. Shekara uku kana ganin icce na girma, ka zaci karatunka yake sha?"

Gaskiya ban taɓa lura ba. Ni a ƙofar masallaci nake alwalata, kuma yawancin shekarun nan ina Yamai. Ashe Inna ba ta ɓoye mini komai ba. Ba ta taɓa ba shi ruwa ba.

A ranar na kwance shingen, na mayar da dutsen. Na zauna da kaye na yi lissafi: mutum huɗu, a ƙiyasi, salla biyar, buta ashirin ke nan a yini, kaɗan-kaɗan, ba a lokaci ɗaya ba.

Na san abin da mai karatu zai ce. A cika buta a zuba sau ashirin, magana ta ƙare. Ni ma na yi wannan tunanin. Amma abin da aka tabbatar kawai shi ne iccen ya rayu da ruwan da ya bi ta hannu da fuska da ƙafar mutane. Ruwa tsura shi na ba shi mako guda, kuma kowa ya ga abin da ya biyo baya. Ba na cewa akwai wani sirri a ruwan alwala. Ba na kuma cewa babu. Da icce biyu ne da na gwada ɗaya da wannan ɗaya da wancan, to ɗaya ne, kuma na Inna ne.

Na tafi kasuwa wurin wani abokina da muka yi lise, wato sakandare, tare, yanzu yana sayar da kayan waya a bakin kwalta, ya tara gemu, ana ce masa ustaz. Na jira masu saye suka watse.

"Ustaz, in mutum ya yi alwala don salla, amma can ƙasan zuciyarsa yana son ruwan ya je ga icce, alwalar ta yi?"

"Wane icce kuma?"

Na ba shi labari. Ya ce:

"Aboki, ruwa ruwa ne. Wanda ya ce na alwala ya hi wani ga icce, ya kawo dalili. Ɗauki bokiti ka zuba mishi ka bar mutane su huta."

"To in alwalata ba ta karye ba, ina iya sabuntawa?"

"Kana iyawa. Amma ban da ɓarnar ruwa."

Don ya nuna mini abin da yake nufi ya biyo ni gida da azahar, ya zauna bisa dutsen, ya yi alwala cikakkiya da ruwan da bai cika kofin shayi biyu ba. Da ya tashi na duƙa na taɓa ƙasar. A bushe take. Na yi masa godiya ƙwarai, a raina kuma na san ba zan sake gayyatarsa ba.

Kwana uku ina yin alwala ashirin ni kaɗai. Yatsuna suka yamutse, mura ta kama ni a tsakiyar bazara, kuma kowace alwala sai na tsaya ina tuhumar niyyata, wanda ya sa nake sake wasu, lissafin ya rikice. A rana ta huɗu na fita ƙofar gida na ga tsofaffin unguwarmu uku da ke yini ƙarƙashin iccen bedi suna alwalar la'asar, ruwa yana malala cikin rairayin hanya inda ko ciyawa babu. Abin ya tsaya mini a rai.

Na durƙusa na gaishe su, na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na roƙe su su riƙa shigowa cikin gida suna yi, tunda babu mata.

Babbansu, tsohon direban babbar mota, mai kiran kowane ɗan boko Mushe, wato Malam da Faransanci, ya ce, "Mushe, ka ce icce ne ba shi da lahiya?"

"Eh, Baba. Wato ina jin haka."

"Mu kuma mu ne maganin?"

"Ban tabbata ba, Baba."

"A gidan naku akwai shayi?"

Washegari suka shigo don azahar, ba su fita ba sai bayan magariba. Suka ce inuwar katangarmu ta fi ta bedi. Cikin mako guda ukun suka zama bakwai, aka kawo tabarmi, wani ya zo da rediyonsa. Ni ke dafa shayi, ni ke cika butoci, ni ke tsayar da su layi don kada biyu su zuba a gefe ɗaya. A bayan kaye na buɗe shafi ina rubuta wanda ya fi zubar da ruwa, abin da har yau nake jin nauyinsa. Direban ne na ɗaya, yana wanke ƙafa kamar yana wanke taya. Na ƙarshe wani dattijo makiyayi ne da ya yi rayuwarsa a daji inda ake tattalin kowane ɗigo. Shi sai na riƙa ja masa hira yana tsakiyar wanke hannu, ko butar za ta karkace.

Wata rana pampo ya ɗauke tun safe, masu ga-ruwa ba su biyo ta unguwarmu ba, randa ta ƙare a shayi. Da la'asar ta yi tsofaffin suka ce taimama ta kama. Saboda sabo suka yi layi a gindin lemun, ɗaya bayan ɗaya suna dafa ƙasarsa da tafin hannu suna shafawa a fuska. Na tsaya da alƙalamin bik a hannu ban san a wane shafi zan sa wannan ba. Direban ya ce, "Rubuta, Mushe. Yau iccen ma taimama yay yi."

Wajen kwana na talatin ganye ya daina zuba. Bayan kwana biyu na ga tsiro ƙanana, masu laushi, a kan rassa uku. Ban san abin da ya kawo su ba. Yana iya zama ruwan, yana iya zama ganyen shayin da ake zubarwa a wurin, ko tofin goro, ko kuwa don na daina taɓa shi, tunda hidimar mutum bakwai ba ta bar mini lokaci ba.

Daga wannan ne na samo ɗan ra'ayin da nake bi a shuka har yau, in ya isa a kira shi ra'ayi. Ba na shuka abu a inda sai na tuna da shi. Ina duba inda ruwa yake zuba da ma, gindin randa, wurin wanke-wanke, bakin makwarara, inda mutum zai zauna ko yana so ko ba ya so, a nan nake sa iri. Mutum irina in ya ware lokaci musamman don kula da icce, iccen ya shiga uku. Ban ce kowa ya bi wannan ba. A gidanmu dai ya yi aiki, ko kuma wani abu ya yi aiki a lokacin da nake yin sa.

Inna ta dawo kwana biyu kafin ranar da muke zato, daidai la'asar. Ta yi sallama ta shigo ta iske maza bakwai a tsakar gidanta, hannayen riga a naɗe, ɗaya bisa dutsenta, ɗaya ya kifa turminta ya zauna yana jiran layi. Tsofaffin suka fara sulalewa, kowa da butarsa, direban da ƙafa ɗaya a jiƙe yana cewa, "Hajiya, an zo lahiya? Ya mai jego?"

Ta ajiye kayanta ta nufi lemun. Ta zagaya shi. Ta kai hannu ta ciro wani abu daga kan sabon ganye, abin da na ɗauka kashin tsuntsu ne, sai na ga yana motsi. Tsutsa ce. Ta jefa wa kaza, ta ciro wata, ta ciro wata. Can ta dubi randa ta ce:

"Yana da rai." Ta karkaɗe hannunta. "Amma wanda yam maida mini gida tasha, shi ya san yadda zai yi da fasinjojinshi."

Da magariba ta gabato sai ga sallama a ƙofar gida, murya bakwai. Na rasa bakin da zan kori sa'o'in ubana bayan sun yi mini mako uku suna aiki. Na zaga bayan ɗaki na saro reshen zogale, na fita na kafa shi a rairayi gefen zaure, na jawo wani bulo na ajiye kusa da shi. Na durƙusa na ce musu lemu ya samu sauƙi, an sallame shi, amma ga wani da ya fi shi buƙata.

Direban ya dubi reshen sama da ƙasa.

"Mushe, wannan ai sanda ce."

"Shi ya sa, Baba."

Ya zauna bisa bulon, ya fara naɗe hannun riga.

"To a hito da shayin waje."