Kason Muttaka a Jinin Bunsuru

Muttaka dillalin awaki ne a kasuwar dabbobi ta Haɗeja tun gemunsa bai fito ba. Ubansa masunci ne daga wajen Baturiya, amma shi da ya hau kwalekwale sai amai, dole aka haƙura aka miƙa shi ga kawunsa a turken awaki. A can ya yi karatun da ya riƙe shi har tsufa. Mai saye ba ya faɗin gaskiya: in ya ce akuya ta rame, to ta yi masa ke nan. Mai sayarwa kuma ba ya bari a gane yana cikin matsi, ko da gidansa na ci da wuta. Da wannan karatu ya yi aure, ya gina gida, ya aurar da 'ya'ya, ba a taɓa jin wanda ya yi masa wayo ba.

Sai ciwon daji ya kama matarsa Ummussalma a mama. Babban ɗansu ke kai ta asibiti a Kano, ana yi mata ƙarin ruwan da ya zubar mata da gashi, ta dawo ta kwanta. Likitoci sun fara magana ƙasa-ƙasa. Muttaka ya tsorata, tsoron da bai taɓa sani ba, amma a kasuwa ko abokan zamansa ba su ji daga bakinsa ba.

A wannan shekarar ce Dakta Zulfa ta zo neman bunsuru. 'Yar Haɗeja ce, tana bincike a wata jami'a a Kano kan ƙwayoyin da ciwon daji ke tsirowa daga gare su, waɗanda ko an kashe sauran su sukan maƙale su sake toho. Don a gan su a madubin bincike, sai an ɗiga musu wani sinadari da ake kira antibodi, wanda jinin dabba ke yi. Daga ƙasashen waje ake sayo shi, ɗan ɗigon da bai cika cokalin shayi ba ya fi saniya tsada, kuma sau da yawa kafin ya iso ƙanƙarar da ke tsare shi ta narke, ya lalace. Ta gaji, ta ce za ta gwada yin nata. Za a yi wa lafiyayyen bunsuru allura, jikinsa ya yi sinadarin, a riƙa ɗibar jini kaɗan ana tacewa.

A duk bayanin nan abu biyu Muttaka ya kama: ciwon daji, da tsada. Ya kai ta gaban wani jan bunsuru ɗan Kaugama, mai warin da ke riga shi shiga layi, ya ce shi zai kiwata mata a gidansa, kuma ba ya son lada. A al'ada mai kiwo yana da kaso a abin da dabba ta haifa, tunda bunsuru ba ya haihuwa, sai a ba shi kaso a abin da aka tace. Dakta Zulfa ta yi dariya ta yarda.

"Amma fa Baba, ba magani ba ne. Ba a sha, ba ya warkar da kowa. Aikin bincike kawai yake yi."

Muttaka ya gyaɗa kai cikin ladabi. A ransa ya yaba mata, yarinya ƙarama amma ta iya kushe kaya kamar tsohon mahauci. Wa zai ba da kuɗin saniya a kan abin da ba ya magani? Zancen matarsa kuwa ya haɗiye shi, kada mai saye ta ga matsinsa.

Daga ranar bunsuru ya zama babba a gidan. Harawa ake ba shi, da dusar alkama, da ɓawon kankana wanda aka wanke. Fankar zaure mai aiki da sola aka juya ta wajensa. Ummussalma ce ta raɗa masa suna Likita, daga kwance takan tambaya ko Likita ya karya, don ta san ko sauran mutanen gida za su samu. Duk lokacin da ma'aikacin dabbobi ya zo ɗibar jini, Muttaka kan tsaya a kansa yana zare ido, kada a zarce a taɓa kasonsa.

Labari ya bazu a unguwa, kowa da irin nasa ƙarin. Mata suka fara turo awakinsu barbara don a samu iri. Wani ya zo neman gashin gemun Likita saboda ciwon haƙori. Wani direban adaidaita sahu ya rantse tun da bunsurun ya tunkuye shi bayansa ya daina ciwo, sai ga masu ciwon baya suna gilmawa ta ƙofar gidan a sunkuye. Muttaka ya kore su duka, ya sayo kwaɗo ya sa wa garken. Da damina ta yi ƙarfi, kogi ya cika ya shigo unguwa, mutumin da ya guje wa kwalekwale tun yarinta sai ga shi a ciki, matarsa a gaba, bunsuru a cinyarsa, yana amai yana riƙe da ƙaho. Buhunan shinkafarsa ruwa ya ci su, bai ko waiwaya ba.

Bayan ruwa ya janye, Dakta Zulfa ta zo da kula cike da ƙanƙara, fuskarta fal murna. Aiki ya yi. Ta nuna masa hoto a waya, baƙin fili da ɗigo-ɗigon kore, ta ce ga ƙwayoyin nan sun fito, har wasu masu bincike sun fara tambayar ko za ta sayar musu. Sannan ta ciro wata 'yar roba da ba ta kai gaɓar yatsa ba, ta sa masa a tafin hannu.

Yanzu da kaya ya shigo hannu, Muttaka ya saki jiki ya yi tambayar da ya daɗe yana ɓoyewa: da ruwa ake sha ko da kunu, kuma mai ƙarin ruwa za ta iya haɗawa?

Kafin Dakta ta amsa, Ummussalma ta ɗaga labule don ta gaishe da baƙuwa, ɗankwali ya sauko har gira, hannu ɗaya dafe da bango. Dakta Zulfa ta dube ta, ta dubi robar, murnar ta gudu daga fuskarta. Ta durƙusa ta gaida ta, ta jira ta koma ciki.

"Baba, wallahi ba magani ba ne. Nuna inda ciwon yake kawai yake yi."

Muttaka ya nemi alamar ciniki a fuskarta, bai samu ba. Ta riga ta karɓi nata, ya karɓi nasa, babu sauran abin da za a rage wa farashi. Hawaye ne kawai a idonta. Ta nemi takardun asibitin don ta nuna wa wani likita da ta sani, ya ce a ba ta, da muryar da shi kansa bai gane ba.

Ya daɗe a zaure kafin ya shiga ɗaki. Ummussalma ta ga abin da ke hannunsa, ta tambaya ko kason ne. Ya ce shi ne. Ya zauna a bakin gado ya faɗa mata gaskiya, cewa ba ya warkarwa, sai dai ya nuna wurin.

Ta yi 'yar dariya mara ƙarfi. Ta karɓi robar ta ajiye a gefen filo, ta kamo hannunsa ta ɗora a ƙirjinta.

"Ai da ni ka tambaya, Malam. Ga shi nan."

Bai janye hannun ba.