Ranar da Na Durƙusa da Kofin Magani

Tsohon da nake jinya a unguwar Bronx ta New York Bature ne, ya haura tamanin, tunaninsa ya fara gushewa. Ba abin da yake so sai finafinan tsoro na zamanin yaƙin duniya, marasa kala, waɗanda ya kalla yana ƙarami. Kai da gani ka san da kuɗin cefane aka yi su. In an buga ƙofa bango ya yi ta rawa, gawa tana numfashi, jemage kuwa har zaren da aka rataye shi ake gani. Ni dariya suke ba ni. Shi kuma sai ya ƙura ido, hannuwansa na motsi a kan cinya.

Tun farko 'yarsa ta ce duk ranar da ya ɗaga wa wani hannu, gidan tsofaffi za ta kai shi. Shi kuwa a ɗakin da yake zaune matarsa ta rasu, ko bakin ƙofa ba ya yarda ya je.

Mu a zangon Kumasi ba a miƙa wa babba abu a tsaye. Wata la'asar na kawo masa magani, na durƙusa kamar kullum. A talabijin wani mahaukacin likita yana lallaɓowa ta bayan wata mata. Ban ankara ba sai na ji yatsu a maƙogwarona. Wallahi ban san da sauran ƙarfi haka a jikin nan ba. Kofin ya tarwatse, numfashi ya ƙi fita, idanuna suka fara ganin duhu. Na yakushe shi, na kai masa naushi a ƙirji, na lanƙwasa masa yatsa baya, sannan ya sake ni. Na zube ina tari, ina zaginsa da Hausa, zagin da ban taɓa yi wa babba ba.

Washegari ina shara mayafina ya zame, ya ga shatin yatsu a wuyana.

"Wane ɗan iska ne ya yi miki wannan?" in ji shi.

Na ce, "Wani ne a jirgin ƙasa."

Tun da safe na riga na buga wa 'yarsa waya, don tsoro ya fi ƙarfin tausayina. Tana hanya, za ta tafi da shi. Ya kamo hannuna a hankali, ya ce, "Daga yau ni zan riƙa raka ki gida."